Tagullar Bakin Ƙofa

Ranar Laraba Kafinta ya daina zuwa makaranta. Ba ciwo ya yi ba, ba kuma gajiya ya yi da karatun ba. Ya idar da sallar la'asar ne, ya leƙo bakin ɗakinsa, ya tarar babu takalmansa.

Ya duba ƙarƙashin benci, ya duba bayan duron ruwa. Tsoho ne da sunkuyawa ma ta zame masa aiki. Matar ɗansa tana tsaye a ƙofar kicin, hannu a ƙugu, tana kallonsa. Ba ta tambaye shi abin da yake nema ba, shi kuwa ya lura da haka.

"'Yar nan, ko kin ga takalmana?"

"Na ba mai gyara, Baba. Duk sun ɓare. Kada a ce mun bar ka kana yawo kamar marar gata."

"Da safe lafiyarsu lau."

"To, ai ka fi ni sani. Kai ne mai gaya wa duniya abin da ya lalace a gidan nan."

Ta juya ta shige. Ya tsaya da littafinsa a hammata, ƙafa a ƙasa, yana juya maganar. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Makarantar ta manya ce, ta yamma. Aron aji ake ba su a wata firamare idan yara sun tashi, sai ka ga dattawa sun cusa gwiwoyi ƙarƙashin tebur ɗin yara, maza gefe guda, mata gefe guda. Mai koyar da su tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, kowa Malama yake ce mata. Tana da tata hanyar koyarwa. Ba ta yarda a sa mai furfura ya yi ta maimaita labarin kare da kyanwa ba. Sai ta ce wa ɗalibi, "Faɗa mini wani abu na rayuwarka, da bakinka." Abin da ya faɗa shi take rubutawa da manyan baƙaƙe a gefen allo, da shi zai koyi karatu. Ba ta share maganar mutum sai ranar da ya iya karanta ta. Takan ce mutum ba ya ɓata a cikin maganar kansa.

Kafinta kuwa yana da babban labari da ya ajiye mata a wannan Larabar. Ran Litinin, da ya dawo daga aji, ya tsaya a ƙofar gida yana laluben mabuɗi. A jikin ƙofar akwai wani ɗan falle na tagulla mai rubutu. Shi da kansa ya kafa shi shekarun baya, ranar da ɗansa ya kawo shi ya ce, "Sunanka ne a jiki, Baba." Tun daga nan kullum da safe sai ya goge shi da toka da tsumma. A yammacin nan idonsa ya sauka kan baƙin farko, ya gane shi. Ya gane na biyu. Bakinsa ya shiga haɗa su tun kafin ya ba shi izini. Gi-dan. In-ji-ni-ya. Ya sake daga farko, ko ya yi kuskure. Bai yi ba. Gidan Injiniya. Injiniya shi ne ɗan nasa, haka duk unguwa ke kiransa.

Ya daɗe a tsaye. Wani abu ya soke shi a ƙirji, amma abin mamaki, murna ta fi ciwon yawa. Babu wanda ya nuna masa da sanda, babu wanda ya fara masa. Shi kaɗai, a kan titi. Ya ƙudura ba wanda zai fara ji sai Malama.

A Larabar nan, bayan magariba, Injiniya ya dawo daga aiki, ya zo bakin ɗakin ya tsaya. Bai shiga ba. Dama ba ya shiga, wurin ba ya ɗaukar mutum biyu da buhunan siminti da tsofaffin tayoyi.

"Baba, me muka rage ka da shi?"

"Me ya faru, yaro?"

Injiniya ya gyara tsayuwa, ya faɗa a hankali kamar mai biya karatu: "Ni kafinta ne. Ni na gina gidana. Yanzu ina kwana a ɗakin ajiya. Rufin yana yoyo."

Maganarsa ce, ko kalma ɗaya ba a sauya ba. Ita ce darasinsa na makon da ya wuce. Bai faɗe ta don kai ƙara ba. Malama ta ce ya faɗi wani abu na rayuwarsa, shi kuwa daren da ya gabaci ranar da kwano ya kwana a gefen kai, yana tarar yoyo.

"Wa ya gaya maka?"

"Wannan ne ya dame ka? Ba tona mana asiri da ka yi ba? Ni da ake gaida ni a ko'ina, yau yaran ofis ma kallona suke yi. Ɗakin nan na ce maka na ɗan lokaci ne, kafin a gama fenti."

Fentin ya bushe tun kafin a yaye autar gidan, yanzu kuwa tana firamare. Tsohon ɗakin Kafinta, wanda matarsa ta cika a ciki, ya zama falon baƙi, da labule har ƙasa da kujerun da ba a zama a kai. Bai faɗi haka ba. Ya ce, "Ni karatu na je yi."

"Karatun ya isa. Ga hawan jini, ga titin nan da motoci. In wani abu ya same ka, ni za a zaga. Ka huta, Baba. Don lafiyarka nake faɗa."

Takalman ba su dawo ba. Mai gyaran, in ji matar gida, ya yi tafiya.

Kafinta ya zauna bakin ɗakinsa yana lissafa 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya sayar da shi. Da ɗan gari akan ci gari. Akwai Mai Kitso, da ke zama a gaba, ita ce kuma ke yi wa matar ɗansa kitso, kan mace a cinyarta, bakinta a kunnen mace. Akwai Direba, abokin zamansa a benci, mai dariya da ƙarfi, wanda ranar ya buga tebur ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo!" aji duka aka kwashe da dariya. A lokacin ya ɗauka wasa ne. Yanzu da ya sake tuna dariyar, sai ya ji ta da wani ɗanɗano daban. Amma Mai Kitso ko sunanta ba ta iya haɗawa ba tukuna, Direba kuwa ba ya riƙe magana daga nan zuwa bakin ƙofa. Wa zai kawo ta daidai, kalma bayan kalma, in ba wadda ta rubuta ba?

Ya kori tunanin. Matar ɗansa ta dawo masa da shi tare da kwanon abincin rana.

"Baba, Malamar taku ashe bazawara ce? An ce ko gidan kanta ba ta da shi, haya take yi. Ikon Allah. Shi ya sa take tambayar tsofaffi wa ya gina gida, wa ke kwana a ina."

"Ki ji tsoron Allah, 'yar nan. Ta kusa haifarki."

"Ai shi ya sa ta fi ni wayo."

Injiniya nasa bayanin ya fi na matarsa tsafta, don ya yi makaranta. Ya ce irin waɗannan mutanen labarin tsofaffi suke tarawa, su kai wa ƙungiyoyi, a yi taro a otal a tafa musu. "Kai kana ganin alli take ƙonawa don Allah? Hajarta ce kai, Baba." Kafinta bai yarda ba. Amma ƙusa ko ba ta shige da bugu ɗaya ba, tana barin rami.

A ƙarshen makon aka kawo sabon kwanon rufi. Wani matashi ya hau ɗakin ajiya ya yaye tsohon rufin, ya buga sabo, ana ta ƙara har maƙwabta suka fito. Dama don su fito aka yi. Injiniya ya tsaya a tsakar gida da farar riga, yana nuna wa Liman da mai kantin kusa.

"Kun gani da idonku. Ɗan tsatsa ne kawai a gefe, shi ma don ya kwantar da hankalinsa na ce a sauya duka. Shi ya zaɓi ɗakin nan da kansa, wai ya fi son kusa da ƙofa." Ya rage murya, amma ba yadda tsohon ba zai ji ba. "Baba ya fara rikicewa. Ku taya mu da addu'a. Jiya ma cewa ya yi an sace masa takalmi."

Liman ya girgiza kai cikin tausayi. "Tsufa ke nan. Allah ya saka maka da alheri, ba kowane ɗa ke yin haka ba."

Kafinta ya buɗe baki zai yi magana, ya ga yadda suke dubansa, da irin murmushin da ake yi wa ƙaramin yaro. Ya rufe. Daga ranar ya gane an yi masa abin da ya fi kulle ƙofa. In ya ce rana ta fito, sai an leƙa waje an tabbatar.

Sai tabarau. Ya ajiye shi kan taga ya shiga wanka, ya fito babu. An kai a sauya masa gilashi, in ji matar gida, wannan ya yi masa rauni, shi ke sa shi ciwon kai. Bai taɓa cewa kansa na ciwo ba. Ya buɗe littafinsa, baƙaƙen suka narke suka zama kamar tururuwa a cikin hazo. Daga baya littafin ma ya ɓace, wai yara sun yi wasa da shi.

Sai ƙofa. Idan mutanen gidan za su fita, sai su datse ta da kwaɗo ta waje, saboda ɓarayi sun yi yawa. Ba ya fita sai da sassafe, ya goge tagulla, matar gida na tsaye tana jiransa ya shigo. Wannan aikin kam ba a hana shi ba.

Wata la'asar ya ji ana buga ƙofa, ya ji muryar Direba.

"Salamu alaikum! Ina ɗan makarantar nan mai gudun aji? Malama ta ce in zo in kamo shi da kunne!"

"Barci yake yi," in ji matar gida ta cikin ƙofa.

"Da la'asar? Kafinta! Kai tsohon banza, fito, an kai baƙin da ya fi ƙarfina, babu mai ba ni satar amsa!"

Tsakanin ɗakin ajiya da ƙofa, tari ma ana ji. Kafinta yana zaune a kan tabarma, ido biyu. Kalma ɗaya ta isa. Amma ya tuna dariyar nan da bugun tebur, ya ce a ransa, wa ya sani ko an aiko shi ne ya ƙaro labari? Ya yi shiru har takun Direba ya yi nisa. Wannan ita ce babbar nasarar mutanen gidan, ba su ma san sun yi ta ba: yanzu shi ke tsare kansa.

Ya nemi wata tsohuwar ƙusa, yana zana baƙaƙen a bayan wani katako, manya-manya yadda yatsa zai ji. Da fari suna zuwa. Daga baya ya fara shakka, wannan cikinsa dama yake kallo ko hagu? Babu wanda zai tambaya. Kullum sai ya nemi ɗaya ya rasa, kamar haƙoran tsoho. Tari ya kama shi, don sabon kwanon ma yana zuba ta wajen ƙusoshi, amma wa zai gaya wa? Rufin da Liman ya shaida?

Malama ta zo ranar wata Asabar. Ta riga ta aiko cewa tana tafe, don haka aka shirya. Da safe Injiniya ya kawo masa babbar riga wankakkiya da hula, har da takalman nan, ba a taɓa musu ko zare ba. Ya durƙusa a gabansa kamar mai neman albarka.

"Baba, matar nan za ta zo. Ka gaya mata da bakinka ka gaji, ta bar ka. In ka shiga wasu maganganu a gabanta, to ni na yi iya yina. Likita ya ce akwai asibitin da ake ajiye masu irin wannan lalurar. Ba na so. Wallahi ba na so. Kada ka sa ni."

Aka zaunar da shi a falon baƙi, a tsohon ɗakinsa, daidai inda gadon matarsa yake a da. Malama ta shigo da jakarta ta leda da alli a gefen mayafi. Ba tabarau, fuskarta a dushe yake ganinta, amma muryar ita ce.

"Ɗalibina, ka rame."

"Tsufa ne, Malama," in ji Injiniya.

"Shi na tambaya." Ta zauna a bakin kujera. "Na zo ne in ba ka haƙuri, Kafinta, a gaban iyalinka. Laifina ne. Maganarka da na rubuta, na bar ta a gefen allo, na sa a ƙasa kada a share, kamar yadda na saba. Na manta washegari akwai taron iyayen yara a ajin nan. Duk wanda ya iya karatu a unguwar nan ya zauna yana kallonta. Sai daga baya mai gadi ya gaya mini. Shekara da shekaru ina koyarwa, ban taɓa tunanin allo ma yana da baki ba."

Matar gida ta kau da kai. Ashe ita ce ta je taron, ta zauna cikin mata, maganar tana sama da kanta.

Kafinta ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji, aka kuma ɗora wani. Ba Mai Kitso ba ce. Ba Direba ba ne, bawan Allah da ya tako har ƙofa. Ba a sayar da shi ba. Mantuwa ce kawai ta tsohuwar da ta ɗauki maganarsa da daraja har ta hana a share.

"Haƙurin ya wuce," in ji Injiniya. "Kin ɓata mana suna, mun bar ki da Allah."

"Na ɓata, na amsa. Amma abin da ya faɗa, ƙarya ne?"

"Ki je ki duba rufin."

"Na ga yana ƙyalli tun daga titi." Ta juya ga tsohon. "Kujerarka tana nan. In tafiyar ce matsala, Direba ya ce zai riƙa biyo maka. In ajin ne ba a so, ni zan riƙa zuwa nan, ko a bakin ƙofa ne mu zauna. Kana gab da kamawa, Kafinta. Na ga idonka ran Litinin ɗin da ka zo ƙarshe. Irin wannan lokacin ba a barin mutum shi kaɗai."

"Baba," in ji Injiniya a hankali, "gaya mata."

Tsohon ya dubi hannuwansa. Ya taɓa raka wani maƙwabci irin asibitin da ake faɗa, ya ga tagogin da aka tsare da ƙarafuna.

"Na gaji, Malama. Ki bar ni in huta."

Ta dube shi. Ta koyar da mutane da yawa, ta san muryar mai biya abin da aka ba shi hadda. Amma gidan ba nata ba ne, uban ba nata ba ne, kuma ita ce mai laifi a ɗakin. Ta tashi.

Aka bar shi ya raka ta bakin ƙofa, don maƙwabta su gani, Injiniya na biye da shi kafaɗa da kafaɗa. Rana ta bugi tagullar tana walƙiya. Malama ta tsaya daidai gabanta tana gyara mayafi.

"Babu abin da kake son gaya mini?"

Maganar ta taso masa har maƙogwaro. Ga tagullar nan kusa da kunnenta, ɗaga yatsa kawai zai yi. Amma in ya faɗa, yaron zai san ya karanta, zai kuma san me ya karanta. Ya ji hannun ɗansa ya sauka a kafaɗarsa, a hankali, irin na ɗa mai ladabi.

"Babu, Malama. Ki sauka lafiya."

Da yamma aka karɓe rigar, aka karɓe takalman.

Sauran labarin ta ƙasan ƙofa ya same shi. Direba ne ya zo wata rana da mutanen gidan ba sa nan, ya durƙusa a waje yana magana ta ramin da ruwa ke fita. Injiniya ya kai kuka wurin hukumar makarantar, cewa ana amfani da ajin yara ana ci wa iyaye mutunci. An karɓe ajin. Malama ta yi ta neman wani wuri, ba ta samu ba, 'yarta ta zo ta tafi da ita can wani gari mai nisa.

"Mun watse, tsoho. Ni da na kai rabin sunana, a nan na tsaya. Kana jina kuwa?"

"Ina jinka. Direba, ka yafe mini."

"Me ka yi mini? Kai dai ka cika shirme."

A unguwa, har yau in ana zancen 'ya'yan kirki sai an kawo Injiniya. Ya riƙe ubansa a gida, bai kai shi ko'ina ba, duk da lalurar. Ya yi masa sabon rufi. Har makaranta ya bar shi ya shiga da tsufansa, sai da abin ya gagara. Duk wannan gaskiya ne, babu wanda zai kama shi da ƙarya. Mutanen da suka karanta maganar tsohon a allo, da idonsu, su ne suka fi kowa saurin yarda cewa ruɗewa ce, don yarda da haka ba ta sa mutum ya buga ƙofar kowa.

Shi kuwa Kafinta, kullum da sassafe yana fitowa da toka da tsumma, ƙafa ba takalmi, matar gida na jiransa a bakin ƙofa tana hamma. Baƙaƙen da ya koya duk sun gudu, sai waɗannan da aka zuba da tagulla, su ba sa gogewa. Yana bin su da yatsa a ƙarƙashin tsumman, ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi.

"Ka gani ko," takan ce wa mijinta, "ya fara magana shi kaɗai."

Ba shi kaɗai yake yi ba. Da wata tsohuwa yake yi, mai alli a gefen mayafi, kuma kullum maganar ɗaya ce: Malama, na karanta. A kan titi, ba wanda ya fara mini. Ni kaɗai na karanta.